Itace Sai Ya Ƙetare Bazara: Yadda Ake Dasa Shi Ya Rayu a Ƙasar Adar

Laccar da aka gabatar a Tamaske, gundumar Keita, jihar Tawa, a farkon damina

  

  

An ce in yi magana a kan dashen itace. Na san akwai wanda zai ce a ransa, dashen itace kuma har sai an tara mutane? Ka tona rami, ka sa, ka mayar da ƙasa, shi ke nan. Da haka abin yake, da tuni mun rasa inda za mu yi shanya saboda inuwa. Tun 1975 ƙasarmu ta keɓe ranar 3 ga Agusta, ranar da muka sami ƴancin kai, domin dashen itatuwa. Kowace shekara ana rabon dashe, manya su durƙusa su sa nasu, a ɗauki hoto, a watse. To, ku koma wuraren nan cikin watan Afrilu. Sau da yawa abin da za ku tarar shi ne busasshen tsinke da yagaggiyar leda da kashin awaki.

Don haka maganata guda ce yau. A ƙasar Adar, sai ɗan itace ya sha hunturu, ya sha bazara, ruwan damina ta biyu ya same shi a tsaye, sannan a ce an dasa. Aikin da ke kai shi nan ana soma shi tun kafin ranar dashe, ana ci gaba da shi shekara biyu ko uku bayanta, kuma ba ya yiwuwa sai a hannun mutumin da ya san cewa itacen nan nasa ne.

Abin da ƙasar nan ta riga ta gwada

Ba sai mun je nesa neman hujja ba, tana bayan gari.

A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, iskar hunturu ta kasance tana kwashe ƙasar gona, guguwar farkon damina kuma ta binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka biyu ko uku kafin ɗaya ta kama. A 1975 aka fara dasa layukan tare iska, bisa shawarar wani ma'aikacin gandun daji, Dauda Adamu, da tallafin ƙungiyar CARE. An jera dogon yaro layi biyu-biyu, an gicciye su a gaban iska, tsakanin itace da itace mita 4, tsakanin jeri da jeri mita 100. Aka yi ta dasawa shekara da shekaru har tsawon layukan ya kai ɗaruruwan kilomita. Da masana suka auna, sun ga hatsin gonakin da ke bayan layukan ya ƙaru da kashi 15 zuwa sama da 20 cikin ɗari. Abin da ba a cika ambata ba shi ne an ɗauki masu gadi ana biyan su, aka hana dabbobi shiga har itatuwan suka fi ƙarfin bakinsu. Dokar ta yi wa mutane zafi, musamman mata masu ƴan awaki, amma ita ce ta raya layukan.

A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe furojen Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar PAM kuma tana ba da abinci a bakin aiki. Maza sun tafi ci-rani, sai mata suka ɗauki diga da shebur suka hau duwatsu. Wasunsu suna zaune a cikin taron nan. Iyayena, sannunku da aiki, Allah ya saka muku da alheri. Cikin shekara kusan ashirin an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000.

Ku tuna yadda kuke tona ramukan nan a gangaren dutse. Tsawonsa mita 3, faɗi da zurfi santimita 60, a gicciye da gangare, ƙasar da aka fitar a tara ta daga ƙasa don ta tare ruwa. A tsakiyar ramin ana barin ɗan tudu, a kansa ake dasa itacen. Ruwa ya gangaro ya cika ramin hagu da dama, ya nutse a hankali, saiwa ta bi laimar, shi kuwa ɗan itacen yana bisa tudunsa bai nutse ba. Wannan ɗan tudun ilimi ne babba, kuma zan dawo kansa.

Keita ta koya mana a fara tara wa itace ruwa kafin a kawo shi, Majiya ta koya mana tsaro. Inda aka bar wuri ba mai kula bayan furoje ya tashi, kun gani da idonku: ramuka sun cike, gatari ya shiga. Sauran maganata bayanin waɗannan darussa ne, daki-daki.

Wane itace, a wace ƙasa

Kuskuren farko ana yin sa tun ba a taɓa diga ba. Mutum ya ga mangwaro ya yi kyau a garkar wani, ya sayo ya kai fako. Ƙasarmu iri-iri ce, akwai fako a bisa tudu, akwai gangare mai tsakuwa, akwai jigawa, akwai fadama, kuma kowace da itacen da take karɓa.

Fako da gangare na masu ƙaya ne, waɗanda suka saba da ƙishirwa: ɗakwara mai ba da ƙaro, da kandili, da aduwa, da magarya. Bagaruwa ta fi son laka da inda ruwa ke kwanciya, kuma ƴaƴanta kuɗi ne wurin majema. Gona kuwa ba ta da aboki irin gawo. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da hatsi ke neman rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa, ƴaƴansa abincin dabbobi ne, ƙarƙashinsa kuma ko yaro ya san nan zangarniya ta fi girma. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo, kuma har yau gonakin wannan yanki cike suke da shi.

Fadama, inda ruwa ke kusa, ita ce wurin mangwaro da lemo da gwaiba da zogale da kuka ta miya. Masu albasa, ku sa su a gefen garka, kada inuwa ta rufe muku fangali. Turare yana girma da sauri amma mashayin ruwa ne, a nisanta shi da rijiya da garka. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, ya dace da ƙofar gida da makaranta da kasuwa, sai dai a ba shi aƙalla mita 5 daga katanga da masai, don saiwarsa tana tsaga gini. Mangwaro yana son mita 10 tsakaninsa da ɗan uwansa. Kafin ka tona, ɗaga kai ka duba ko akwai wayar lantarki, ka kuma yi shawara da maƙwabcinka in kan iyaka ne, don itacen rigima ba ya tsufa.

Rami da ruwa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ramin da aka tona da safiyar dashe, ana sauri manya na jira, ba ya wuce zurfin tafin hannu biyu. Rami ana tona shi tun bazara, ko bayan ruwan farko in ƙasa ta yi tauri ainun, a bar shi ya sha rana ya sha ruwa.

Itacen daji yana son rami mai faɗi da zurfi santimita 40 zuwa 50, wato kamu guda ta kowane gefe. Itacen marmari yana son santimita 60 zuwa 80, a ƙasa mai tauri har mita guda. Wajen tonawa, ƙasar sama, mai duhu, a tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa a tara ta ɗaya gefen. Ta saman ita ce mai rai, ita za a fara mayarwa inda saiwa za ta zauna. In aka tarar da tauri a gindin rami, a sa dagi a fasa shi. In laka ce, kada a bar bangon ramin sumul, a kafta shi da diga yadda saiwa za ta sami kafar fita.

A gauraya ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki, wanda ya yi baƙi, ya huce, ya daina wari. Ga itacen marmari bokiti ɗaya ko biyu, ga na daji kaɗan ya isa. Ɗanyen taki yana da zafi, yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara zuwa gindin ɗan itace.

Sai batun tara ruwa. Ruwan da muke samu a shekara ba ya cika wuce milimita 300 zuwa 400, kuma yawancinsa yana zuwa da ƙarfi cikin Yuli da Agusta. A kan fako ba ya nutsewa, gudu yake yi zuwa ƙorama ya tafi da ƙasarmu. Maganin wannan kun san shi, rabin wata ne da tassa. Rabin wata mai faɗin mita 4, bakinsa yana duban inda ruwa ke fitowa, ƙasar da aka tono ta zama ganuwa daga ƙasa, a danne ta da duwatsu in akwai. Ana jera su a saɓe, yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa, kuma hekta guda tana ɗaukar kimanin 313. Tassa kuwa ta ƙara yaɗuwa a jiharmu bayan 1989, lokacin da wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake faɗaɗa ramukan shuka ana sa musu taki, suka dawo suka gwada a gonakinsu. Yau ana sayen fakon da a da ko kyauta ba mai karɓa.

Wanda bai san ta ina ruwa ke bi a filinsa ba, ya fita bayan an ɗauke ruwa ya duba sawunsa, inda ya tara ƴan tsinke da inda ya zaizaye. Mutane da yawa sun juya bakin rabin wata baya, suka sha wahalar banza. Kuma a tuna da ɗan tudun Keita, kada a dasa a wuri mafi zurfi inda ruwa ke kwana biyu ko uku. Ɗan itace yana mutuwa da yawan ruwa kamar yadda yake mutuwa da ƙishirwa. A sa shi kusa da ganuwa, inda laima ke isa amma ruwa ba ya rufe shi.

Ɗan itacen da za a ɗauko

In aka buɗe wurin renon itatuwa aka ce kowa ya zaɓa, kowa dogon yake wa wawa. Alhali dogon nan sau da yawa shi ne wanda ya daɗe a leda har saiwarsa ta lalace. Na kirki shi ne mai wata uku zuwa huɗu, tsawonsa santimita 20 zuwa 40, jikinsa ya fara ƙwari, kaurinsa ya kusa na fensir, ganyensa kore ba tabo.

Ku ɗauki leda guda ku kife ta a tafin hannu, ku sa wuƙa mai kaifi ku yanke gindinta kamar faɗin yatsa biyu, har da ƙasar. Ku duba abin da kuka yanke. Za ku ga farar saiwa ta iso gindin leda ta rasa hanya, ta murɗe tana zagaya kanta. In aka dasa ta haka, haka za ta ci gaba da zagaye a cikin rami, ba za ta nufi ƙasa neman ruwa ba. Itacen zai yi kore da damina, kowa ya yi murna, bazara ta zo ta kashe shi, a ce rashin sa'a ne. Yanke wannan murɗin shi ke sa sabuwar saiwa ta miƙe. Gawo ya fi kowa buƙatar wannan, domin ransa duk yana ga doguwar saiwar da yake turawa ƙasa tun kafin ya yi wani tsawo a sama. Shi ya sa masu reno ke ɗaga ledoji suna sauya musu wuri lokaci-lokaci, don kada saiwa ta huda leda ta kama ƙasa.

Mako biyu ko uku kafin dashe, mai reno ya rage ban ruwa, ya janye rumfa, ya bar su su saba da rana. Yaye ne, kamar na yaro, kuma wanda ba a yaye ba ba ya jure fako.

Masu son su rena nasu, iri mai taurin ɓawo kamar gawo da bagaruwa da kuka sai an taimake shi. A tafasa ruwa a sauke, a zuba irin, a bar shi ya kwana, ko a ɗan kankare ɓawon. Wanda aka tsinto a turken awaki ya riga ya bi ta cikin dabba, yana tsira da sauƙi. Irin dogon yaro kuwa ba ya ajiyuwa, ƴan makonni kaɗan ya mutu, sai a shuka shi da ɗanyensa.

Wajen ɗauka, a shayar da su tun daren jiya. A riƙe leda, kada a riƙe wuyan itacen. A jera su tsaye a amalanke, a rufe su daga iska, in an isa a ajiye su a inuwa.

Lokaci, da ranar dashe

Ruwan farko na mai shuka ne, mai dashe ya dakata. A jira damina ta zauna, a tona a ga laima ta kai zurfin kamu, a damƙi ƙasar a hannu ta dunƙule. A wurinmu wannan yakan kama daga tsakiyar Yuli. Ɗan itace yana son ya sami aƙalla mako shida na ruwa kafin damina ta ɗauke, ita kuwa takan ɗauke cikin Satumba. Ku lissafa da kanku, za ku ga ranar 3 ga Agusta ta fi kusa da ƙarshen lokacin dashe. Mu yi bikin ranar, amma yawancin dashenmu ya kamata ta same shi a ƙasa. A zaɓi washegarin ruwa mai yawa, a dasa da la'asar ko ranar da gari ya yi lumshi.

Ga yadda ake yi. A mayar da gaurayayyar ƙasa cikin rami har ya rage daidai tsawon leda. A yanke gindin leda kamar yadda na faɗa, a tsaga ta daga gefe, a ajiye dunƙulen a tsakiya, sannan a zare ledar a hankali kada ƙasar ta watse. Duk wanda ya dasa da leda ya ɗaure saiwa da hannunsa. A lura da wuyan itacen, wato inda jiki ya haɗu da saiwa, ya zo daidai da fuskar ƙasa yadda yake a leda. In aka binne shi zai ruɓe, in aka bar shi sama saiwa za ta bushe. A cika ramin, a taka da diddige kewaye, ba a kan dunƙulen ba, har in ka ja ganye a hankali ba ka ji ya motsa ba. A yi masa ɗan gurbi kewaye, a zuba ruwa bokiti guda ko da ƙasa na da laima, don ƙasar ta kama saiwa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kara a gurbin, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen saboda gara.

Masu dasa mangwaro ko lemo mai aure, ko magaryar nan mai manyan ƴaƴa da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa, ku bar wurin auren a sama da ƙasa, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da shi ku cire, in ba haka ba uwar za ta rinjayi abin da kuka saya.

A ƙarshe a tattara ledojin a tafi da su. Mahauta za su gaya muku abin da suke fitarwa daga tumbin dabbobi.

Daga kaka zuwa bazara

Nan ne ake rasa yawancin itatuwa. Da damina dabbobi suna ɗaure ko suna daji, ciyawa ta wadata. Ana gama girbi a sake su, daga nan kuma duk wani kore a fili ɗan itacenka ne. Akuya ba ta da laifi, abincinta take nema. Don haka a kafa kariya ranar dashe, kada a ce sai kaka. Shingen ƙaya, ko saƙaƙƙen kara da aka kafe da turaku, ko tubali da aka jera da ƴan kafofi don iska ta shiga, kowanne yana yi, muddin ya kai tsayin ƙirji kuma ya ba itacen fili. Ganga ko kwano da aka matse a jikinsa suna ɗaukar zafi da bazara su dafa shi. A riƙa duba shingen, domin masu neman makamashi suna zare ƙaya, iska kuma tana kayar da kara. Kariya tana zama har kan itacen ya wuce bakin akuyar da ta miƙe a ƙafa biyu, inda raƙuma ke bi kuma fiye da haka.

Itacen daji da aka dasa kan lokaci cikin rabin wata yakan ƙetare rani ba ban ruwa. Na marmari da na ƙofar gida suna son ruwa a shekarun farko. Ƙa'idar ita ce a ba shi da yawa, a jinkirta, bokiti guda ko biyu sau biyu a mako, da yamma. Yayyafin kullum yana jiƙa sama kawai, saiwa ta taru a nan, ranar da aka fasa sai ta bushe. Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa kusa da itacen har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa. Zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Ruwan alwala da na wankin hatsi, in ba sabulu mai yawa, kada ya tafi a banza. Itace guda a bakin kowane masallaci zai rayu da shi.

A cire ciyawar da ke gindi don tana raba ruwa da shi. Gara ta fi kama itacen da ƙishirwa ta riga ta raunana, saboda haka maganinta na farko shi ne lafiyar itacen, sannan a barbaɗa toka kewaye, ko dakakken ganye da ƴaƴan dogon yaro. Kada a yi gaggawar sassabe rassa a shekarar farko, ganye ne ke ciyar da saiwa. Daga shekara ta biyu a fara rage na ƙasa da wuƙa mai kaifi. Wanda ya mutu a maye gurbinsa a damina mai zuwa, cikin ramin nan, bayan an tono an ga abin da ya kashe shi.

Itacen da ba sai an dasa ba

Ba zan sauka ba sai na ambaci wanda ya fi kowane arha. A farkon shekarun 1980, a jihar Maradi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dashe yana ganin yawancinsa na mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Daga nan sassaben zamani ya samo asali. Ka zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kututture, ka cire sauran, ka rage rassan ƙasa, ka tsare su. Kalgo, sabara, geza, magarya, da ɗan gawon da ya tsiro da kansa daga kashin dabba, duk suna karɓar wannan. Binciken da aka yi da hotunan sama ya nuna itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5 na gonakin Nijar ta wannan hanya, ba leda, ba ban ruwa.

Me ya sa wannan ya yi nasara haka? Domin a gonar mutum yake, kuma manomi ya tabbata shi zai ci amfaninsa. A da mutane suna ganin itace na gandun daji ne, mai jawo tara, har wani kan tuge shi tun yana ƙarami don gudun fitina. Dokar daji ta 2004 da dokar da gwamnati ta fitar a 2020 kan sassaben zamani sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Ma'aikatan gandun daji suna nan tare da mu, a tambaye su, su kuma ina roƙonsu su riƙa bayyana wa mutane wannan a fili. Kafin ka sayi dashe, zagaya gonarka tukuna ka ga abin da Allah ya riga ya ba ka.

Kira

Ga abin da nake roƙo a bana. Shugabannin ƙaramar hukuma, kada a ba da dashe sai ga wanda ya nuna raminsa da abin kariyarsa, kuma a rubuta sunansa da wurin a littafi. Gara mutum ya karɓi biyar ya raya huɗu da ya karɓi hamsin ya raya biyu. Malaman makaranta, kowane itace a farfajiya a ba shi ɗalibi ko aji, a kuma san wanda zai kula da shi lokacin hutu. Filin gari da hurumi da bakin hanya, iyayen ƙasa su zauna da manoma da makiyaya tun yanzu a yi yarjejeniya, a bar burtali da mashaya a buɗe, a san wanda zai yi gadi da wanda zai ci amfanin itacen in ya girma. Masu tafiya ci-rani, kafin ku ɗauki jaka ku damƙa dashenku a hannun wani, ku bar masa abin sayen ruwa. Malamai sun sha karantar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga itacen da ka dasa, sadaka ce gare ka, to sai itacen ya rayu sannan a ci.

Cikin watan Mayu mai zuwa, kafin ruwan farko, a fito da littafin nan a bi wuri-wuri a ƙirga masu rai. Wanda nasa suka rayu a yaba masa a gaban jama'a, a ƙara masa. Wanda nasa suka mutu a tono tare da shi a ga dalili. Adadin ranar nan shi ne za mu kai wa Keita da Tawa in an tambaye mu itace nawa Tamaske ta dasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da fara, ya sa mu ci amfanin abin da muka dasa, mu da jikokinmu.